Ɗakin Iya da Ban Shiga Ba

Kwana biyar ke nan ruwa bai ɗauke ba a Ƙanƙara. Katangar maƙwabtanmu ta zauna jiya da hantsi, itacen girki ya jiƙe sharkaf, kayan da aka shanya tun Talata sun fara wari a kan igiya. Kowa ka gani murna yake, wai bana za a sami amfanin gona, in mutanen daji sun bari an girbe. Ni dai ba na son marka. Na taɓa faɗar haka a gaban malamar islamiyyarmu, ta ce in yi istigfari, ruwa rahama ne. Na yi istigfarin, amma har yau ban fara sonta ba.

In ruwa ya yi irin wannan zaman dirshan, ba ya tuna mini komai sai wata markar da azumi ya faɗo a tsakiyarta, lokacin ina da shekara ashirin da uku. Zamanin kuɗin man fetur ne. Ka kunna rediyo da safe ka ji an buɗe gada, da yamma ka ji an buɗe masaƙa. Ni kuma na gama koyon aikin jinya da unguwarzoma, ina jin kaina, aka tura ni asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauye da ake ratsewa daga hanyar Faskari zuwa Sabuwa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, jikokin mutanen suna raye, ko da yake yawancinsu yanzu suna zaman gudun hijira. Maigidana malamin firamare ne, an tura shi kwas Zariya. Ɗana na fari kuwa na bar shi wurin mahaifiyata a nan Ƙanƙara. Matar maigari ce ta ba ni ɗaki a gidansu.

Ginin asibitin sabo fil, kwanonsa har kashe ido yake. An sa mana famfo, ba ruwa. An kawo mana firji, ba wuta. Baba Iro, dattijon da na tarar a wurin, wanda ke wanke ciwo da shara da kiran layi tun zamanin En'e, shi ya samo wa firjin aiki, ya mai da shi ma'ajiyar goro da takalmansa na Juma'a. Ma'aikatan ke nan, ni da shi, ga ƙauyen da rugage da ƙananan unguwanni warwatse har bayan rafi.

Rabon ƙauyen daga arzikin man shi ne ya kwashe masa samari. Duk mai ƙarfin ɗaga fartanya ya ji labarin leburanci a Kaduna ko sauke siminti a Legas, ya ɗaure tsummansa ya tafi. Masu dawowa suna dawowa da rediyo da agogo da wando mai faɗin ƙafa, su kwana biyu su koma. Gayya ta mutu, don ba wanda za a gayyata. Ga shi daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke dawa tana bunni, gyaɗa kuma ciwo ya cinye ta a tsaye. Kafin a yi noman farko rumbuna sun fara amsa kuwwa. Da azumi ya kama, gonaki kore shar, masara ta yi goyo, dawa ta fi mutum tsayi, amma babu abin da ya nuna. Yunwar damina muguwa ce, kana kallon abinci yana girma a ƙofar gidanka, ba ka isa ka taɓa shi ba.

Tsofaffin mata su ke fita bayan gari su tsinko tafasa da yaɗiya da rama. A dafa, a matse, a barbaɗa gishiri, in an yi sa'a da ɗan ƙuliƙuli. Dusar da a da ake ba awaki, ita ake tankaɗewa a dama kunu. A gidan maigari ma, inda ake da ɗan sauran rufin asiri, kunun buɗa-baki ya tsinke har kana hango gindin ludayi. Itace a jiƙe, sai hayaƙi ya cika gida ya sa kowa hawaye kafin wuta ta kama. Tabarma da danshi, zani da danshi, ashana ma sai ka sa ta a hammata ta ji ɗumi. Sauro kuwa tun la'asar yake fara aiki.

Ranakuna iri ɗaya ne. Bayan sahur da salla in kunna risho in dafa sirinji da allurai, don a lokacin ba a yar da allura, dafa ta ake yi har ta dakushe. Kafin rana ta ɗaga layi ya kai gindin ɗorawar da ke bakin hanya. Zazzaɓi, gudawa, tari, zazzaɓi. Baba Iro ya rataya sikeli a reshe, mu riƙa saƙala yara a cikin ɗan wandon awo suna tsala ihu. Waɗanda ba sa ihun su ne ke tayar mini da hankali. Bayan azahar in sa takalmin roba in ɗauki jaka in shiga gida-gida, saboda matan kulle ba sa zuwa, kuma mai tsananin ciwo ba shi ne ke iya bin layi ba. Baba Iro ya biyo ni da sikelin, ya tsaya a zaure.

A makaranta an koya mana yadda ake tambayar marar lafiya. Ki dube shi ido cikin ido, ki yi tambaya a miƙe, ki rubuta abin da ya faɗa. Malamanmu mutanen kirki ne, amma ba su taɓa shiga gidan Bahaushe da tambaya ba. Ni na san ba haka ake yi ba, kuma ina alfahari da sanin. Ba na tambayar mace sunan mijinta, sai in tambayi maƙwabciya. Ba na ce wa amarya ko tana da ciki, sai in ce yaushe rabonta da fashin salla, shi ma sai mun keɓe. Ba na tambayar ko an ci abinci a gida, don ko kwana uku aka yi ba a ɗora tukunya ba, amsar ɗaya ce, alhamdu lillahi. Murhu nake dubawa in ga tokar yau ce ko ta shekaranjiya. In dubi turmi, a tsaye yake ko a kife. In dubi tsakar gida, akwai sauran kaji ko an sayar. Matan ƙauyen har cewa suke Malama 'yar gida ce, ba sai an yi mata bayani ba. Maganar tana yi mini daɗi ƙwarai.

Azumi yana da kwana goma sha wani abu aka aiko mana da takarda daga ofis, da wani dogon littafi mai layi-layi. Wai in bi gidaje kaf in rubuta kowace uwa da yawan 'ya'yanta, in auna su, in ware masu tamowa, wato yaran da yunwa ta kumbura wa ƙafafu ta jajaye musu gashi. Landiroba za ta zo ranar Alhamis ta sama ta kwashi waɗanda abin ya yi wa tsanani zuwa babban asibiti, inda ake da madara da gado da likita. Wanda ba ya cikin jerin ba shi da wuri a motar. Kwana takwas aka ba ni. Wanda ya yanke kwana takwas ɗin, na tabbata bai taɓa cire takalminsa daga taɓo ba.

A cikin kwanakin ne zazzaɓi ya kama ni. Da farko ciwon kai, sai ɗacin baki, sai rawar ɗari da la'asar. Na san ko mene ne, ni da ke ba mutane maganinsa tun safe har yamma. Ina shan ƙwayar da sahur a kan kunu tsararo, kafin hantsi na amayar da abina a bayan asibiti, in kurkure baki in koma layi. Baba Iro ya gan ni rana ta uku ina dafe da bango.

Ya ce, “Malama, ki aje azumin ga. Allah bai ɗora ma maras lahiya ba. Ki sha ruwa, ki kwanta yini guda, ni in tsare layin.”

Na ce, “Baba, lafiyata ƙalau.”

“Lahiyar taki ce ta sa allura ke rawa hannunki?”

Gaskiyar da ban gaya masa ba ita ce, a farkon azumin na ji wasu mata a bakin rijiyar gidan maigari suna cewa ai 'yan boko ba sa azumi, a ofis suke shan shayinsu su goge baki. Ba su san ina bayan danga ba. Tun ranar na ɗauki alwashi ko zan faɗi matacciya ba mai ganin ruwa ya wuce maƙogwarona. Ban yi don Allah ba, wannan kam na sani, don matan bakin rijiya na yi. Kwanakin baya wata jikar ƙanwata da ke aikin jinya take ba ni labarin an tara su a otal a Katsina ana koya musu yadda ma'aikacin lafiya zai kula da kansa, da shayi da nama a tsakani. Na yi dariya har ta ji haushi. Da ta tafi kuma sai maganar Baba Iro ta dawo mini.

Ranar Laraba, jajibirin zuwan motar, saura mini unguwa ɗaya a bayan rafi, gidaje shida. Mun haye ruwa yana gwiwa. Rana ta fito bayan ruwan safe, irin zafin nan mai tururi da ke tasowa daga ƙasa ya shaƙe mutum. Harshena ya manne a ganɗa. Ina tafiya ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Na gama gida biyar, ban san yadda na gama ba. Muna isa na shida hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Baba Iro ya dubi sama ya ce in yi sauri, rafin nan ba ya jiran a yi ruwa a kansa, daga sama yake cikowa.

Gidan wata dattijuwa ce, Iya Tabawa. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana Legas wata na bakwai ba labari, sai ita da matar ɗan, Delu, wadda ba za ta girme ni ba. A da gidan masu hali ne, rumbu uku ne a tsakar gidan, manya. Na tarar da Iya zaune a kan tabarma daidai ƙofar ɗakinta tana tsinkar tafasa, ta saki asabari a bayanta. Delu tana tsaye da goyo, wata 'yar yarinya mai kamar shekara uku tana riƙe da zaninta. Idona ya yi aikinsa ko da ban sa shi ba. Turmi a kife, har gindinsa ya yi gansakuka. Tokar murhu ruwa ya daddake ta. Ba kaza ko ɗaya.

Na durƙusa na gaida Iya.

Ta ce, “Lahiya lau, ɗiyata. Muna nan cikin rufin asiri, sai godiya. Ƙaƙa aiki? Ƙaƙa ibada?”

Na buɗe littafin a kan gwiwata. Layukan suna rawa a idona. Na ɗaga kai na dubi Delu, a gaban uwar mijinta, na yi tambayar kamar yadda take a rubuce.

“Delu, 'ya'yanki nawa?”

Ta sunkuyar da kai. Ta ɗora hannu a kan 'yar yarinyar, ta ɗan girgiza goyon da ke bayanta, ta ce, “Ga su nan, Malama.”

Na ce, “Biyu ke nan?”

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni na ce biyu, ni na rubuta biyu.

Na auna su. Yarinyar ta rame amma ƙafarta ba kumburi, na goyen yana samun nono. Ina cikin mai da littafin jaka na ji tari daga bayan asabarin. Tarin yaro ne, ƙarami, marar ƙarfi, irin na wanda ya gaji da yin sa. Iya ta gyara zama ta ƙara tare ƙofar, ta ɗaga murya tana tambayata labarin mutanen gidan maigari. A kan danga kuma ga wata 'yar riga ta yaro namiji an shanya, ta yi wa na goyen girma nesa ba kusa ba.

Kada wani ya yi mini uzuri ya ce ban gane ba. Na gane sarai. Mace a wurinmu ba ta lissafa ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da wuta ya faɗa, balle a gaban uwar miji. Na kakarsa ne, a ɗakinta yake kwana, ita ke da bakin magana a kansa. Ni ɗin nan 'yar fari ce. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, “ke” take ce mini, ko “waccan”. Ni kaina a lokacin in aka tambaye ni yaron da na bari a Ƙanƙara, cewa nake yaron gidanmu. Kuma na san abin da ya sa Iya ta saki asabari. Yaro mai kumburin ƙafa shaida ne cewa gida ba abinci, ita kuwa matar mai rumbu uku ce, gara ta mutu da a ɗauki jikanta a mota gari yana kallo a ce yunwa ce.

Na kuma san yadda ake buɗe irin wannan ƙofar. Sai in rufe littafin in tura shi jaka, in matsa kusa da Iya in taya ta tsinkar tafasa. In ce, Iya, ina maigidan naki, ko kin ɓoye shi ne don kar mu 'yan mata mu ƙwace? Ta yi dariya ta zage ni, ta ce wannan miji nata ai ba ya ko cefane. In ce to bari in shiga in gaishe shi. Daga nan in danna masa yatsa a ƙafa in ga ko zai lotsa. In ya lotsa, ba zan ambaci yunwa ba, sai in ce shawara ce ta kama shi, akwai allurarta a babban asibiti, ita za ta raka mijinta da kanta. Da ta yarda. Na yi wa tsofaffi uku haka a satin nan, duk sun yarda. Abin ba zai ci rabin sa'a ba.

Rabin sa'ar ce ba ni da ita a jikina. Kaina yana sarawa, iska ta fara kaɗa dawa, ina jin Baba Iro yana gyaran murya a zaure. Abin da ke raina kaf shi ne in haye rafin nan, in kai ɗakina, a kira salla in kafa kai a kwanon ruwa. Na ce a zuciyata, ai na tambaya, an ba ni amsa, na rubuta. Haka aka koya mana. Ranar ce kaɗai na tuna da koyarwar makaranta, don ranar ce ta yi mini daidai.

Na yi wa Iya sallama. Delu ta karɓi jakata ta rako ni. Muna kaiwa bakin zaure, inda Iya ba za ta ji ba, ta tsaya ba ta miƙo jakar ba. Idonta a ƙasa.

Ta ce, “Malama, hadarin ga ya taso. Ki shiga ɗakin Iya ki hwake. Ba shi yoyo.”

Na ce, “Rafi zai cika, Delu. Sai na sake zagayowa.”

“Ɗakin Iya ɗin dai, Malama. Ko leƙawa.”

Mace tana da ɗakinta, ta ce wa baƙuwa ta shiga na uwar mijinta. Ba mai yin haka banza. Iyakar ihun da al'ada ta yarje mata ke nan, kuma ta yi shi har sau biyu. Na zare jakata daga hannunta na ce Allah ya kai mu.

Mun haye rafin ruwa yana ƙugu, jan ruwa mai tafe da karare. Ruwan sama ya kama mu a hanya. Na kai gida ana kiran magariba, na sha ruwa, na sha kunu, na kwanta. Ban sake sanin inda nake ba sai ranar Asabar. Baba Iro ne ya cire jerin sunayen daga littafina ya ba direba ranar Alhamis, aka kwashi yaran da na ware. Washegari ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan hanyarmu, mota ba ta sake shigowa ba sai bayan salla.

Azumin da na ƙi ajiyewa na yini ɗaya, sai da na sha tara. Matan bakin rijiyar nan da nake tsoron bakinsu, su ne suka riƙa shigowa da rana tsaka suna ɗaga kaina suna ba ni kunu a ludayi. Ba wadda ta yi mini gori. Ɗaya ma faɗa take yi mini, wai wa ya aike ni azumi da wannan jiki.

Da na fara miƙewa na tuna da tarin. Na ce mota dai ta tafi, amma akwai ɗan garin madara a asibiti, zan kai. Rafi ya cika ya batse, kwana huɗu ba mai hayewa. Ranar da ya janye, layi ya taru mini na kwana tara, na ce gobe. Akwai layin, gaskiya ne. Akwai kuma nauyin in koma in haɗa ido da Delu, wannan ma gaskiya ne. Goben da safe ina dafa allurai Baba Iro ya shigo, ya cire hularsa ya mayar, ya ce an yi rashi a bayan rafi, jikan Iya Tabawa, an kai shi tun da hantsin jiya.

Ya dube ni ya ce, “Ashe da wani yaro gidan? Ni ina zaure, ban sani ba.”

Na ce masa ni ma ban sani ba. Ƙaryar farko ke nan da na yi wa dattijon, kuma ya karɓa.

Na je gaisuwa ranar uku, azumi ya riga ya wuce. Satin nan masara ta nuna. Duk hanyar da na bi ƙamshin gasasshiyar masara ne, yara suna yawo kowa da tasa a hannu, kumatu duk baƙin gawayi. A gidan, mata sun kewaye Iya Tabawa a ƙofar ɗakinta, an naɗe asabarin, tana kuka tana cewa maigidanta ya tafi ya bar ta. A bakinta na fara jin sunansa, Lawal. Shekararsa biyar. Wata tsohuwa da ta yi masa wanka take gaya wa ta kusa da ita cewa ƙafafunsa sun kumbura har fata ta tsage. Kowa ya shigo wurin Iya yake nufa ya ce ya haƙuri. Delu tana bakin murhu tana dafa wa masu gaisuwa masara, goyonta a baya, idonta a bushe. Ba mai yi mata gaisuwa, ba ta kuma isa ta yi kuka ba. In ta yi, a ce ba ta da kunya.

Na jira har ta zagaya bayan rumbu ɗebo itace, na bi ta. Na so in ce ta yafe mini. Abin da ya fito daga bakina daban ne, don mai laifi in ya rasa inda zai sauke kayansa, a kan wanda ya fi shi rauni yake saukewa.

Na ce, “Delu, me ya hana ki buɗe baki ki gaya mini? Kalma ɗaya. Da yanzu yana asibiti.”

Ta ci gaba da zaɓen itacen da bai jiƙe ba. Ban taɓa jin murya a kwance kamar tata ba.

Ta ce, “Bara da anka yi rigakahi, wata Bayarabiya anka turo. Ta tambaye ni, na ce mata ukku. Ita baƙuwa ce, ba ta san komi ba, ba a jin kunyarta.”

Ta ɗora itacen a ƙugu, sai a lokacin ta ɗago ta dube ni.

“Da na ji ke za ki zo, har daɗi na ji. Na ce wannan tamu ce, ba sai na hwaɗi ba.”

Ta wuce ta koma bakin murhunta. Na tsaya a bayan rumbun har wata mata ta leƙo ta ce Malama ga masararki tana hucewa.

Bayan salla aka gyara kwalbatin, wani babba ya zo daga ofis duba aikinmu, da mota mai sanyi da takalmi mai tsini. Ya ce zai zaɓi gidaje ya bi da kansa ya gwada littafina, don an sha kama ma'aikata suna cika layi daga kan kujera. Cikin waɗanda ya zaɓa har da na Iya Tabawa. Ya tsaya a zaure aka fito masa da yaran, ya ƙirga, ya duba littafin. Biyu na rubuta, biyu ya tarar. Ya sa hannu da jan biro, ya ce wa Baba Iro a duk yankin bai ga littafi mai tsabta kamar nawa ba, ko kuskure ɗaya babu.